Kan Sarki a Tafin Talaka: Daga Azurfar Rum Zuwa Sulallan Kano

A tsofaffin gidajen Shahuci da makwabtanta a birnin Kano, in aka zazzage adakar wata tsohuwa ko aka sauke jeren kwalla, da wuya a rasa kwabo mai huji ko anini a can ƙasa, ya yi baƙi ƙirin don daɗewa. A goge shi da toka da lemon tsami a duba. Gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida, da shekarar bugawa a ƙarƙashinsa. A juya: kambun sarauta a saman hujin, rubutun Larabci a ƙasa yana faɗin darajar kuɗin, a kewaye kuma wasu haruffan boko waɗanda ba Turanci ba ne, ba Hausa ba: GEORGIVS V REX ET IND IMP. Latin ne, harshen Rumawa. Cewa yake Joji na Biyar, sarki, kuma sarkin sarakunan Indiya. Wannan IMP guntun laƙabi ne da sojojin Rum ke yi wa kwamandansu kirari da shi ranar da ya ci yaƙi, kafin sarakunansu su mayar da shi nasu su kaɗai.

Dattawan da suka yi elemantare a unguwar kafin 1973 suna tune da lissafin fam da sule da kwabo, inda ake rubuta taro 3d, sisi 6d. Wannan d harafin farko ne na dinariyus, kuɗin azurfar Rum. A makarantar shari'a ta Shahuci kuwa, wadda aka kafa zamanin Sarki Abdullahi Bayero don horar da alƙalai da muftai, ɗalibai na fama da dinari da dirhami a babin zakka da na sadaki, suna juya rubu'in dinari zuwa sulalla. Shi ma dinarin nan daga can ya samo sunansa, ta hannun Rumawan gabas. Rum ba ta taɓa mulkar ko taki ɗaya na ƙasar Hausa ba, amma dabararta ta iso: mai mulki ya buga kansa da kirarinsa a jikin ƙarfe, ya sake shi ya shiga kasuwa ya yi masa magana. Tambayar da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta ita ce, maganar tana shiga kunne kuwa? Kano wuri ne mai kyau na gwada amsar, domin birni ne da ya yi ƙarnoni yana ciniki da kuɗi marasa fuska, sannan aka wayi gari da fuskar wani baƙo a tafin kowa.

An fara buga dinariyus wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, Rum na tsakiyar yaƙi da Hanibal na Kartaj. Ɗan ƙaramin abu ne, faɗinsa bai kai santimita biyu ba, nauyinsa giram huɗu da rabi a farko. Aikin maƙera ne tsantsa: a ɗora ɗan faifan azurfa a kan hatimin ƙarfe da aka dasa a uwar maƙera, a kifa wani hatimin a sama, a sauke masaba sau ɗaya, hoto ya fito gaba da baya. Shi ya sa ba ka samun biyu da suka yi daidai. Wani ya karkace, wani rubutunsa ya fita daga gefe. Lokacin nan jamhuriya ake yi, Rumawa kuwa ba abin da suka tsana irin kalmar sarki. Don haka fuskar da ke jiki ta wata mace ce mai hular kwano wadda ke wakiltar birnin. Kowace shekara akan naɗa samari uku 'ya'yan manya su kula da gidan buga kuɗi, su kuma da sannu suka gano cewa allon talla ne aka danƙa musu kyauta. Sai kowa ya shiga zana kakansa da ya ci yaƙi, ko ya gina hanyar ruwa, ko ya raba hatsi, don a tuna da gidansu ranar zaɓe. Iyaka ɗaya aka kiyaye: matacce ya halatta, rayayye ya haramta.

Yuliyas Kaisar ne ya tsallake ta. A farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya fuskarsa ta fito a dinariyus a cikin birnin Rum, da dogon wuya mai tamoji da rawanin ganye, wasu ma ɗauke da laƙabin mai mulkin da ba shi da wa'adi. Ranar 15 ga Maris 'yan majalisa suka sassoke shi. Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Burutus, jagoran makasan, ya buga nasa kuɗin a shekara ta 42 don biyan rundunarsa: wuƙaƙe biyu, a tsakiyarsu hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, a ƙasa an rubuta EID MAR, wato ranar kisan. A ɗaya gefen fa? Fuskar Burutus ce da kansa. Wanda ya kashe mutum don ya yi abin sarakuna, ga shi ya aikata abin da ya kashe shi a kai. Kafin shekarar ta fita an ci shi da yaƙi a Filibi, ya kashe kansa.

Agustas, magajin Kaisar, shi ne gwanin wannan sana'a. Yaƙin da ya ba shi mulki na basasa ne, Barume na kashe Barume, shi da Antoni. Amma kuɗin da ya buga a shekara ta 28 kafin Miladiyya kada ne da rubutun an kama Masar. Ba Antoni, ba jinin 'yan uwa, sai ka ce baƙi kawai aka yaƙa. Tutocin rundunar Rum da Farisawa suka ƙwace a shekara ta 53 kafin Miladiyya, ya karɓo su a shekara ta 20 ta hanyar sulhu, ba a harba kibiya ko ɗaya ba. A jikin azurfa kuwa, ga Bafarishe durƙushe yana miƙo tuta. Ya buga tauraro mai wutsiya da sunan Kaisar a matsayin abin bauta, wanda hakan ya mai da shi kansa ɗan abin bauta. Ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75, haƙora sun lalace, amma a kuɗi bai taɓa wuce saurayi ba. Bayansa Vespasian, wanda ba ɗan gidan sarauta ba ne, ya nemi abin da zai tsaya a kai, ya same shi a rushe Ƙudus a shekara ta 70: mace zaune ta yi tagumi a gindin makaman da aka ƙwace, da sunan Yahudiya a ƙasa. Shekaru ya yi yana maimaita wannan hoto.

Dalilin da ya sa suka damu a fili yake. Daula ce daga Ingila zuwa Masar, babu jarida, babu rediyo, mafi yawan talakawa ba za su taɓa ganin sarki da ido ba. Sojan Rum a zamanin Agustas albashinsa dinariyus 225 ne a shekara, kuma sabon bugu hannunsa yake fara faɗawa kafin ya kai ga mai burodi da mai giya. Wanda ya fara karanta saƙon ke nan shi ne mai takobi, wanda zai iya ɗora sarki ya kuma sauke shi.

A nan ne karatun kuɗin Rum yake da daɗi, domin abin da suka fi ɗaga murya a kai shi ne abin da aka rasa. Otho, ɗaya daga sarakuna huɗu da aka yi a shekara ta 69 kaɗai, ya buga zaman lafiyar duniya baki ɗaya. Wata uku ya yi a gado, yaƙi ya ci shi. (A kuɗin nasa ana iya gane gashin aro da yake rufe sanƙonsa da shi, an jera shi layi-layi.) Nerva ya buga hannaye biyu suna musafaha da rubutun haɗin kan rundunoni, a shekara ta 97 dogaran fadarsa suka yi masa ƙawanya suka tilasta masa miƙa mutanen da suke nema. Gallienus, wanda Farisawa suka kama mahaifinsa da rai a shekara ta 260, daula na ɓallewa gabas da yamma, kuɗinsa cike suke da nasara da aminci da amanar sojoji, kuma hafsoshinsa ne suka kashe shi a 268. Abin ya yi kama da mai tallan nono da ke rantsuwa ba ta sa ruwa ba tun ba a tambaye ta ba.

Ruwan kuwa an sa. Dinariyus na Agustas azurfa ce kusan zalla. Nero ya rage nauyinsa ya surka shi da jan ƙarfe a shekara ta 64. Zamanin Septimius Severus, ɗan Afirka haifaffen Labda a Libiya ta yau, azurfar ta dawo wajen rabi. Ɗansa Karakalla ya fito da sabon kuɗi a 215, aka ce dinariyus biyu ne, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Bambancin kawai an sa wa sarki kambu mai tsinin hasken rana. Kafin ƙarshen Gallienus azurfar ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba, tagulla ce aka yi wa wankan fari, 'yan watanni a hannu ta koma ja. Kirari na hawa, azurfa na sauka, farashi na gudu, har Diocletian ya kafa dokar ƙayyade farashi a 301, ita ma ba ta yi ƙarko ba.

To farfaganda ce ko ado? A 1956 masanin tarihin nan na Ingila, A. H. M. Jones, ya ce an cika zuzuta abin. A ganinsa hotunan ba su wuce na kan sarki da ake manna wa wasiƙa ba: gwamnati na zaɓensu da wata manufa, amma wa ke tsayawa ya karanta? Yawancin jama'a ba su iya karatu ba, rabin daular ma Girkanci suke ji ba Latin ba. Barbara Levick ta zo a 1982 da wata fassarar: ma'aikatan gidan buga kuɗi ne ke yi wa maigida fadanci, shi ne mai sauraro, ba talaka ba. Masu cewa farfaganda ce suna da nasu hujjojin. Cassius Dio, bayan shekara fiye da 250, ya siffanta kuɗin Burutus da wuƙaƙensa. Suetonius ya ambaci kuɗin da Nero ya fito yana kaɗa molo irin nasu. Labarin dinarin haraji da ke cikin Linjila gaba ɗayansa a kan tambayar hoton wa ke jiki ya ginu. Mutanen Antakiya sun yi wa Sarki Julian ba'a a kan gemunsa da bijimin da ya sa a kuɗinsa. Ana kallo ke nan, aƙalla wani lokaci.

Ni dai ina ganin an haɗa abu biyu ne aka yi musu suna ɗaya. Bayan kuɗin, inda ake zana aminci da nasara da yalwa, magana ce tsakanin fada da barikin soja da manyan gari. Talaka ya gani ya wuce. Gaban kuɗin, inda kai yake, shi ne mai aiki, kuma saƙonsa ba ya bukatar karatu: wane ne ke sama yau. Shi ya sa duk kwamandan da ya yi tawaye, kafin ya gama ɗaura ɗamara ya nemo maƙera. Akwai wani Domitianus da ya yi iƙirarin sarauta wajen 271, mulkin da bai wuce kwanaki ko makonni ba; babbar shaidar cewa ya taɓa kiran kansa sarki ita ce kuɗi guda biyu, ɗaya an tono a Faransa a 1900, ɗaya a Ingila a 2003. Sannan kan ma ba shi kaɗai yake aiki ba. Bayansa akwai mai karɓar haraji wanda ba ya karɓar komai sai shi. Inda hannun mai haraji bai kai ba, hoto ba ya cin kasuwa. Tacitus ya ba da labarin ƙabilun Jamus na bakin iyaka, waɗanda suka fi son tsofaffin dinariyus na zamanin jamhuriya, masu gefe mai tsaga-tsaga da hoton keken doki, a kan sababbi masu fuskar sarki mai ci. Sun san wanne ne azurfarsa ta fi.

Kano ta tsaya ne a gefen waɗannan Jamusawa na tsawon lokaci. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake tasowa, ya ratsa hannaye barkatai kafin ya iso kasuwar Kurmi. Ba sunan kowa a jikinsa, ba shekara, ba kirari, kuma ba maƙerin da zai iya yin jabunsa. Wahalarsa ƙirga da dako: a zube a tabarma ana ja biyar-biyar da yatsu, a ɗura dubu ashirin a keso guda, babban ciniki kuwa sai a koma ga tufafi da dawaki da bayi. Sarki na cin moriyarsa, don Sharefan nan da magajinsa Kumbari sun matsa wa kasuwa da haraji har wasu Larabawa suka tattara suka koma Katsina. Amma sarki bai mallaki kuɗin ba, ba shi da ikon rage shi ko ƙara shi. Da darajar wuri ta zube a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ba daga Gidan Rumfa matsalar ta taso ba. 'Yan kasuwar Jamus ne suka yi ta jibgo wani wurin mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa gaɓar Legas da Dahomi.

Abin lura shi ne jihadi bai sauya wannan ba. A al'adar daulolin Musulunci alamun mulki biyu ne, huɗuba da sikka: a ambaci sunanka a mumbari, a buga shi a kuɗi. Musulmin farko sun yi ciniki da dinarin Rumawa mai hoton Hirƙal da dirhamin Farisa mai hoton Kisra, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, bayan ya gwada sa hoton halifa tsaye da takobi, ya share hotuna gaba ɗaya a shekara ta 77 Hijiriyya, ya bar rubutu zalla. Ita ma farfaganda ce, kuma mai ƙarfi, don kalmar tauhidi ya aika cikin aljihun Rumawa. Mahadin Sudan bai yi wata-wata ba, yana kama Khartum a 1885 ya buga nasa. Daular Sakkwato kuwa ta yi kusan shekara ɗari ba ta buga ko ɗaya ba. A ganina ba gazawa ba ce. Wuri na biyan bukata, fataken Kano na cin kasuwa daga Gwanja zuwa Borno inda sunan Sarkin Musulmi ba zai ƙara wa kuɗi daraja ba, kuma mulki na da bakunan da yake magana da su: tuta, wasiƙa mai hatimi, huɗubar Juma'a, tambari da kakaki, hawan salla, da maroƙan da ba sa gajiya. Mutumin Shahuci ba ya bukatar ƙarfe ya gaya masa wane ne sarki, yana jin kakaki daga ɗakinsa.

Duk da haka akwai fuska ɗaya da ta yi yawo a Kurmi tun kafin Turawan mulki, kuma ta mace ce. Liyari, azurfar Ostiriya mai nauyin giram 28, kashi biyar cikin shida azurfa, ta biyo ayarin Tarabulus da Gadamus da hanyar Borno. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a farkon 1851, ya tarar ana canza irin wannan babbar azurfa a kan wuri 2,500. Matar da ke jiki Mariya Tereza ce, da mayafi a ka, a rubutun da ya kewaye ta kuma akwai R IMP, wato sarauniyar Rumawa, laƙabin da gidansu ke taƙama da shi. Ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan nan shekarar 1780 ake sa mata, saboda 'yan kasuwa daga Yaman zuwa Habasha zuwa nan ba sa karɓar wadda aka taɓa wa ko ɗigo. Daga baya har Landan da Bombay da birnin Rum kansa sun buga ta, duk da wannan shekara. A birnin malamai irin Kano ba wanda ya ɗauka yana yi wa wata Baturiya mubaya'a don ya karɓi liyari. Fuskar hatimin inganci ce kawai. A jefa ta a dutse a ji ƙararta, a shafa 'yan ƙwayoyin adon kafaɗarta a ji ko sun side, in ta yi a karɓa. Ƙarshen da yawa daga cikinsu hannun maƙeran fari ne, su zama mundaye da zobba da adon linzami.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari, daga baya Gwamna Lugga ya naɗa Abbas. Turawa sun san abin da Rumawa suka sani, amma sun shigo da shi a hankali. Kuɗin farko da aka buga musamman don wannan yanki, a 1907, su ne kwabo da anini. Aikin anini ya kori wuri, shi ya sa aka yi shi ƙanƙane, goma a kwabo. Na farkon da alminiyam aka yi shi, bai jure gumi da damina ba, a 1908 aka sauya ƙarfen. Hujin na zurawa a igiya ne, ya kuma cinye gurbin da fuska za ta zauna, abin da ya yi wa Turawa daidai a ƙasar Musulmi. Ga Larabci, ga tauraron da masu zanen laya da maƙera suka riga suka sani da hatimin Annabi Sulaimanu. Lugga da kansa ya ce a jikin wata butar tagulla ta Sarkin Kontagora ya ga zanen. Kuɗin mai mulki ne sanye da rigar 'yan gida.

Fuskar ta hau kuɗin wannan yanki a 1913, bayan an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan a 1912: taro, sisi, sule da dala, azurfa mai kyau, Joji na Biyar da kambunsa a gaba, bishiyar kwakwar manja a bayan sule da dala. Abin da ya dasa ta a zukata ba kyan zane ba ne. A zamanin Sarki Abbas aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka kuma juya haraji da jangali daga wuri da hatsi zuwa tsabar kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya fara jigila sosai a 1912, cinikin gyaɗa ya ɓarke. Manomin da dagaci ke jira da rasit dole ya nemo sule, sule kuwa na hannun mai sayen gyaɗa. Ko ya kalli fuskar ko bai kalla ba, ya gane wanda ke sama, har sarkinsa ma da wannan kan ake biyansa.

Amma kunnen kasuwa na nan yadda yake. Da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, a 1920 aka mayar da sulalla na tagulla, fuska ɗaya, kirari ɗaya. Jama'a suka ɓoye farare suka saki jajaye, kuɗin takarda da aka fito da su lokacin ƙarancin sulalla kuwa sai da ragi ake karɓarsu. Labarin da ake bayarwa na Alhassan Ɗantata, cewa a 1929 ya kai wa bankin Turawa na Kano azurfa kayan raƙuma ashirin, ya nuna inda farar ta kwanta. Kirarin Latin kuma ya yi ta sauyawa ba wanda ya kula. Edward na Takwas ya sauka daga gado a Disambar 1936 kafin kuɗi mai kansa ya shiga kasuwar Ingila, amma da yake kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini ba sa bukatar hoto, sunansa ya yi yawo a Kano ana sayen ƙosai da shi. Indiya ta sami 'yanci a 1947, aka goge IND IMP, ciniki bai tsaya ba. Abin da Bahaushe ya ɗauka daga anini tauraron ne, ya liƙa wa kafaɗar hafsa, har yau ana cewa wane ya sami ƙarin anini.

'Yancin kai ya zo da tambayar kan wa za a sa. Nkrumah na Gana bai tsaya kunya ba: a 1958 ya buga fuskarsa a sulalla, da Latin, yana kiran kansa wanda ya kafa ƙasar Gana. Sojoji suka kifar da shi a 1966, shekara na zagayowa aka fito da sababbin kuɗi babu shi. Nijeriya ta bi wata hanyar. Sulallan Babban Banki na 1959 sun bar Sarauniya Elizabet a gaba, a baya aka raba wa kowane yanki amfanin gonarsa: auduga a taro, koko a sisi, kwakwa a sule, gyaɗa a dala. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, tambarin ƙasa ya maye gurbin kai, rijiyar mai ta hau kwabo ɗaya, gyaɗa ta hau kwabo 25 daidai lokacin da dalar gyaɗar Kano ke ƙarewa. Otho ma ba zai yi abin da ya fi haka ba.

Ɗan Nijeriya na farko da ya hau kuɗi ɗan cikin ganuwar nan ne, Janar Murtala Muhammad, a takardar naira ashirin ta Fabrairun 1977, shekara guda bayan kashe shi; asibitin da ke ɗauke da sunansa ga shi nan kusa da Shahuci. Tun daga nan ƙa'idar jamhuriyar Rum muke bi ba tare da an rubuta ta ba, sai wanda ya rasu: Tafawa Ɓalewa a naira biyar, Awolowo a ɗari, Sardauna a ɗari biyu a 2000, Azikiwe a ɗari biyar, kowane yanki da kakansa. A cikinsu duka Murtala ne jama'a suka mayar da sunansa sunan kuɗin, a ce ba ni Murtala biyu. Babban Banki bai umarci kowa da haka ba, kuma bai iya sa a yi wa sauran ba.

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka ga mutane sun ɗaga kuɗi sama suna dubawa da gaske. Na farko a 2007, da aka cire ajami daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin, aka sake cire shi daga sabuwar naira ɗari ta 2014. Masu murna suka ce an cire addini daga kuɗin ƙasa, masu fushi suka ce an goge su daga ƙasar. Rubutun kuwa Hausa ce, ba abin da yake faɗa sai adadin kuɗin, don tsohon da ya yi allo bai yi boko ba ya san abin da ke hannunsa. Shekara da shekaru yana wurin ba a tanka ba, sai da aka taɓa shi. Na biyu a ƙarshen 2022, da aka sauya launin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Fuskokin ba su sauya ba, Sardaunan jiya shi ne na yau, amma a Kasuwar Rimi mai kayan miya na juya takarda tana duba launi kafin ta karɓa, magidanta na biyan masu POS lada mai tsoka don su karɓi kuɗinsu na kansu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekara, a Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya, shi ya sa har yanzu mai shago ke haɗa maka canji da tsohuwa da sabuwa.